Koriyar rigar Biniam Girmay: kwana 23 a kan sirdin keke

Ranar Litinin, 1 ga Yulin 2024, 'yan tseren keke na gasar Tour de France suka tashi daga Piacenza suka nufi Turin a arewacin Italiya. Tafiyar kilomita 230 ce da 'yan kai, kamar mutum ya baro Kano ya sauka Kaduna, kuma ita ce mafi tsawo cikin zanguna 21 na shekarar. Sun yi kusan awa biyar da rabi a kan sirdi. Wanda ya riga kowa taka layin ƙarshe shi ne Biniam Girmay, haifaffen Asmara ta ƙasar Eritiriya, yana da shekara 24 a lokacin. Tun da aka soma gasar a 1903, baƙar fata ɗan Afirka bai taɓa cin zango ba sai a ranar.

Ba shi aka shirya wa ranar ba ma. Ƙungiyarsa, Intermarché-Wanty ta Beljiyam, ta tsara cewa shi zai share wa abokinsa Gerben Thijssen hanya, ya ja shi har kusa da layi sannan ya kauce. A rububin kilomitar ƙarshe suka ɓace wa juna, Girmay ya hango 'yar ƙofa ta jikin shinge, ya danna. Fernando Gaviria da Arnaud De Lie suka biyo bayansa.

Gudun nan na ƙarshe bai cika minti ɗaya ba, kuma shi aka yi ta yaɗawa a wayoyi. Amma gasar sai ranar 21 ga wata za ta ƙare a Nice, kuma koriyar rigar da Girmay ya koma gida da ita, wadda ake ba wanda ya fi kowa tara maki, ba a miƙa ta sai ga wanda ya kai ƙarshe da ƙafarsa. Ko zango goma mutum ya ci, in ya sauka daga keke a na ashirin, riga ta wuce shi. Saboda haka wanda ke son ya gane yadda aka ci ta, sai ya bi mutumin bayan an kashe kyamara.

Da ɗan tsere ya tsallake layi, ma'aikacin ƙungiya mai kula da jikinsa na tsaye da tawul da abin sha mai sanyi. Yawancin mahaya daga nan sai bas ɗin ƙungiya. Wasu su ɗora keke a kan na'urar da ake murzawa a tsaye, su yi 'yan mintuna suna juya feda a hankali har ƙafa ta huce, su shiga su yi wanka a cikin bas ɗin, su ɗauki kwanon shinkafa tun mota ba ta tashi ba. Wanda ya ci zango kuwa, a lokacin aikinsa na biyu ke farawa. A goge masa fuska, a sake masa riga, a hau da shi mumbari. Ya sauko ya bi layin 'yan talbijin ɗaya bayan ɗaya, tambaya ɗaya cikin harsuna daban-daban, sannan taron manema labarai. Duk wannan ana yi wani jami'i na biye da shi bai ɗauke ido a kansa ba, domin dole wanda ya ci zango ya ba da fitsari a gwada ko ya sha ƙwayar ƙara kuzari. Mutumin da ya yi awa biyar yana zufa cikin rana ba lalle fitsari ya zo masa da wuri ba, sai ya zauna ya yi ta kwankwaɗar ruwa yana jira. Kafin ya gama bas ya daɗe da tafiya, sai dai ƙaramar mota ta kai shi otal, ya tarar abokansa har an gama yi wa wasu tausa.

Wannan jinkirin ba na rana ɗaya ba ne a wajen Girmay. Ya karɓi koriyar riga bayan zango na biyar, ranar da Mark Cavendish ya ci zangonsa na 35 a tarihin gasar a Saint-Vulbas, ya wuce Eddy Merckx a yawan cin zango, kuma bai sake cire ta ba. Ma'ana daga ranar har Nice, kullum sai ya hau mumbari, kullum sai ya tsaya gaban 'yan jarida, ko ya zo na ɗaya ko ya shigo cikin 'yan baya a galabaice. Babban abokin hamayyarsa, Jasper Philipsen, in bai ci zango ba, wucewarsa yake yi ya je ya miƙe ƙafa. A gasar da hutun awa ɗaya ke da daraja, wannan haraji ne da mai riga ke biya kowace yamma, kuma ba a cika lissafa shi ba.

(Shi mumbarin ma Girmay ya san ba wurin sakin jiki ba ne. A gasar Giro d'Italia ta Italiya a 2022, ya doke Mathieu van der Poel a garin Jesi, ya sunkuya zai buɗe kwalbar da ake ba wanda ya ci, murfin ya fallo ya same shi a idon hagu. Asibiti aka wuce da shi, washegari bai tashi tare da sauran ba.)

Otal ɗin ba ƙungiya ke zaɓa ba. Kamfanin ASO mai shirya gasar ne ke rabawa, yana jujjuyawa yadda kowa zai ɗanɗana mai kyau ya ɗanɗana marar kyau. Yau ɗaki mai na'urar sanyi, gobe ɗan ƙuƙut a bakin titi a tsakiyar zafin Yuli. Shi ya sa ƙungiyoyi da yawa ke yawo da katifunsu da matasan kai, ma'aikata su riga mahaya isa su shimfiɗa, don kada jiki ya riƙa baƙuntar sabon makwanci kowane dare. Galibi mutum biyu ne a ɗaki. Ana shiga a ajiye jaka sai tausa, wajen awa ɗaya, mai tausa ya bi cinya da sha-raɓa da baya yana warware duk inda ya ɗaure. A farfajiyar otal kuma makanikai sun baje, suna wanke kekuna ɗaya bayan ɗaya, suna duba sarƙa da birki da taya, injin wanki na cikin babbar mota yana ta juya rigunan gobe. Sau da yawa su ne na ƙarshen kwanciya, su ne na farkon tashi.

Sai abinci, wanda a wannan sana'ar aiki ne sosai. Mahayi kan ƙona kalori dubu biyar zuwa dubu takwas a yini, gwargwadon tsananin zangon, wato ninki biyu ko uku na abin da ƙaton namiji mai aikin ofis ke buƙata. Dole a mayar da shi, in ba haka ba gobe ƙafa ta ƙi. Ƙungiyoyi na tafe da kukunsu, wasu har da motar girki, ba sa dogara da kicin ɗin otal, don gudun ɓacin ciki da kuma don a san ainihin abin da ya shiga kwanon kowa. Shinkafa, taliya, dankali, kaza ko kifi, ana auna wa mutum a sikeli bisa lissafin ƙarfin da ya kashe a ranar, wanda wata 'yar na'ura da ke jikin keken ta riga ta rubuta. Kayan lambu masu nauyi a ciki akan rage su idan gobe hawan dutse ne. A makon farko ci ba wuya. A mako na uku ne mutum zai zauna gaban farar shinkafa da ƙarfe tara na dare, baki ya gaji da zaƙi, ciki ya gaji da aiki, ya riƙa turawa kamar magani.

A kan keken ma ba a daina ci ba. Yanzu mahaya kan haɗiye giram 90 zuwa 120 na sukari da sitaci a kowace awa, abin da shekarun baya ake ganin ciki ba zai ɗauka ba, sai da aka gano shi ma cikin ana horar da shi. Aljihu uku ne a bayan riga, a cike da ƙananan ƙunshin shinkafa mai zaƙi da wani abu mai kauri kamar zuma da ake matsewa a baki. A tsakiyar hanya akwai wurin da ma'aikata ke tsayawa a gefen titi riƙe da 'yar jakar yadi mai dogon hannu, mahayi ya fizge ta yana cikin gudu, ya rataya a wuya, ya kwashe abin ciki ya zuba a aljihu, ya jefar da jakar. Gorunan ruwa kuma, na rabin lita, wani daga cikin abokan ne zai rage gudu ya koma wajen motar ƙungiya da ke bin ayari a baya, ya cusa shida ko bakwai a cikin rigarsa, ya sake kutsawa gaba ya rarraba. Kowace ƙungiya mutum takwas take kawowa, kuma mafi yawansu aikinsu ke nan: ɗauko ruwa, tare iska, ba da keke in na jagora ya yi faci. Wanda ke fakewa a bayan wani yakan rage wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, a tsakiyar ayari ma fiye da haka. Saboda haka in ka ga Girmay ya fito a mita ɗari biyun ƙarshe da sauran ƙarfinsa, mutane irin su Mike Teunissen ne suka sha masa iska tun safe.

Safiya ba ta da hayaniya. A tashi, a hau sikeli, likita ya duba ko jiki ya ƙafe. Karin kumallo kamar awa uku kafin tashi, yawanci shinkafa ko taliya kuma, da ƙwai da burodi da kofi. A fito da akwati a ajiye wa ma'aikata, a hau bas zuwa garin da za a tashi, tafiyar da wani lokaci ta fi awa. A cikin bas ɗin daraktan wasanni ke zaunar da su ya nuna taswira: ga inda hanya ta tsuke, ga inda iska za ta bugo ta gefe, ga shataletale uku a kilomita biyun ƙarshe, ta hagu za ku bi na biyun. A manna lamba, a saka 'yar rediyo a kunne wadda darakta zai riƙa magana ta ciki daga mota, a je a sa hannu a gaban jama'a, a shiga layi. Akan tashi da tsakar rana, a isa wajen ƙarfe biyar na yamma, lokacin da masu kallon talbijin a Turai suka fi yawa.

Washegarin nasarar Turin, abin da ke jiran Girmay shi ne Galibier, mashigin dutse mai tsayin mita 2,642, a kan hanyar Pinerolo zuwa Valloire. A nan ne ake ganin rabin rayuwar ɗan zafin gudu, wato gwanin gudun ƙarshe irin Girmay, da kyamara ba ta damu da shi ba. Masu gudun ƙarshe sun fi masu hawan dutse nauyi da tsoka, kuma a kan tudu kowane kilo bashi ne. Da hanya ta fara miƙewa sama sai ayari ya tsinke, masu neman lashe gasar gaba ɗaya, su Tadej Pogačar da Jonas Vingegaard, su yi gaba da rigimarsu, masu nauyi su taru a baya su haɗa nasu ƙaramin ayarin. Ba yawo suke ba. Akwai wa'adi: ana ɗaukar lokacin wanda ya ci zango a ƙara wani kaso a kai, gwargwadon wahalar hanyar da saurin da aka yi, duk wanda ya iso bayan wannan an sallame shi daga gasar. Abin haushin shi ne ba a sanin wa'adin sai na farko ya isa. Saboda haka a cikin 'yan baya akwai tsofaffin hannu masu lissafi da ka, darakta na faɗa musu ta rediyo minti nawa aka ba su. A hawa su tafi da gudun da mafi rauni zai iya jurewa, a gangara kuma su sake birki su fanshe abin da suka rasa, a kwari su riƙa karɓa-karɓa a gaba. Mutanen da jiya suka yi ta gogayyar kafaɗa a gudun kilomita 65 a awa, yau suna miƙa wa juna gora. A bayansu kuma ga motar da ke kwashe waɗanda suka sare tana tafe a hankali.

Girmay yana da ɗan rinjaye a nan. Bai kai wasu masu gudun ƙarshe nauyi ba, kuma ya tashi a Asmara, birnin da ke sama da mita 2,300 daga teku, inda keke ya zama wasan ƙasa tun zamanin mulkin Italiya. Ɗan ƙasarsu Daniel Teklehaimanot ya taɓa sanya rigar gwanin hawan dutse a wannan gasa a 2015. Duk da haka ranaku irin na 14 ga Yuli ba sa yi wa kowa sauƙi: kusan kilomita 198 a tsaunukan Pyrenees, daga Loudenvielle zuwa Plateau de Beille, hawa kusan mita 4,800 in aka tara. Cavendish ya shigo ranar saura ƙasa da minti biyu wa'adi ya cika.

Lissafin makin shi ne ke hana mai koriyar riga sakewa ko da a ranar dutse. A gasar 2024, a zangon shimfiɗaɗɗiyar hanya na ɗaya na samun maki 50, na biyu 30, na uku 20, haka har ƙasa. Sannan kowane zango, ban da na tseren agogo inda kowa ke tafiya shi kaɗai, akwai wani layi a tsakiyar hanya da ake ba wanda ya fara taka shi maki 20. Wani lokaci layin nan yana bayan wani tudu, sai ɗan zafin gudu ya matse kansa ya bi masu hawan dutse har ya wuce layin, sannan ya saki ya koma cikin 'yan baya da sauran kilomita ɗari a gabansa. Girmay ya ƙara cin zanguna biyu, na takwas a Colombey-les-Deux-Églises, ƙauyen Janar de Gaulle, inda ya doke Philipsen a kan ɗan tudu, da na goma sha biyu a Villeneuve-sur-Lot, inda Wout van Aert ya zo na biyu. Amma Philipsen ma uku ya ci. Abin da ya raba su shi ne tsince-tsincen nan na kullum, na biyu yau, na huɗu gobe, maki kaɗan a tsakiyar hanya jibi.

Ranakun hutu biyu ne, 8 da 15 ga Yuli. Sunan hutu ne kawai: sai an fita an murza keke awa ɗaya ko biyu, don in jiki ya kwanta gaba ɗaya, washegari ƙafa nauyi take yi. Sauran yinin na 'yan jarida ne da masu ɗaukar nauyin ƙungiya da iyali in sun zo. A shekarar kuma cutar korona ta sake kutsowa cikin ayari, ta kori mahaya irin su Juan Ayuso da Tom Pidcock, har masu shirya gasar suka dawo da dokar sa takunkumi ga duk mai kusantar 'yan tsere. Jikin da aka tatse na mako biyu ba ya da garkuwar kirki, mura kaɗai ta isa ta rushe shirin shekara.

Ranar 16 ga Yuli, zango na goma sha shida, ayari ya shigo Nîmes. Shi ne zangon ƙarshe da ake sa ran masu gudun ƙarshe za su fafata a cikinsa, kuma Girmay na gaban Philipsen da maki 86. Saura kamar kilomita ɗaya da rabi, a wajen wani shataletale, kekuna suka sarƙe, Girmay ya sha ƙasa ta gefen dama. Philipsen ya ci zangon ya kwashe maki 50, ban da huɗun da ya riga ya rage a layin tsakiyar hanya. Girmay ya tashi, abokansa suka rako shi har layi a hankali, gwiwa da gwiwar hannu suna jini. Tazara ta dawo maki 32, sai da aka yi masa ɗinki.

A ganina daren nan da safiyar da ta biyo shi sun fi nasarorin uku bayyana yadda sana'ar take. Wanda kwalta ta goge wa fata yakan sha wuya tun a wurin wanka, don sai an wanke ciwon sosai an fitar da tsakuwa. Da dare zanen gado na manne wa ciwo, ba ya iya kwanciya ta gefen, barci ya yi ta yankewa, kuma jiki ya raba ƙarfinsa biyu, rabi wajen warkar da rauni, rabi wajen mayar da abin da aka ƙona. Magungunan kashe zafi masu ƙarfi ba a yarda da su ba, tramadol ma an haramta shi a tseren keke tun 2019. Ba wanda zai ɗage tashi don wani ya ji ciwo, kuma ba a canji kamar a ƙwallon ƙafa: in ka fita, ƙungiyarka ta ci gaba da mutum bakwai. Washegari Girmay ya fito da bandeji, ya hau, kuma a layin tsakiyar hanya ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Philipsen bai bar shi ya ƙara rage komai ba.

Abin da ya rage kuwa duwatsu ne zalla. Ranar 19 ga wata suka haura Cime de la Bonette, mita 2,802, wuri mafi tsayi a gasar, inda iska ke ƙaranci har numfashi ya riƙa gajarta, suka ƙare a Isola 2000. Washegari wasu mashigai huɗu a bayan Nice. Aikinsa a waɗannan ranaku bai wuce biyu ba: ya sa ido a kan Philipsen har a wuce layin maki, sannan ya isa kafin wa'adi. A karon farko a tarihinta gasar ba ta ƙare a Paris ko kewayenta ba, saboda shirin wasannin Olamfik, don haka babu gudun ƙarshe na titin Champs-Élysées da Philipsen zai iya farfaɗowa da shi. Tseren agogo aka yi daga Monaco zuwa Nice, kusan kilomita 34, kowa shi kaɗai.

Mutum 176 suka tashi daga Florence ranar 29 ga Yuni, 141 suka isa Nice bayan kusan kilomita 3,500. Pogačar ya ɗauki rawayar riga, ta wanda ya lashe gasar gaba ɗaya, da Yuro dubu 500. Girmay ya gama da maki 387, Philipsen 354. Ladan koriyar riga a shekarar Yuro dubu 25 ne, kowane zango kuma dubu 11, kuma bisa al'adar wasan ba aljihun mutum ɗaya kuɗin ke shiga ba: a tukunya ɗaya ake zubawa a raba da abokan tsere da makanikai da masu tausa da direban bas. Kwana 13 bayan Nice, ranar 3 ga Agusta, Girmay na kan layin tashi a Paris sanye da rigar Eritiriya, da kilomita 273 na tseren Olamfik a gabansa.